Dokar Birtaniya kan ƴar danjar feda ta tsufa, amma a bi ta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana da ƴan'uwanmu mazauna Birtaniya masu hawa keke da dare, musamman matasan da ke kai wa mutane abinci gida-gida. Dokar fitilun ababen hawa ta 1989 ta ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, keke sai da farar fitila a gaba, jar fitila da jar danja (abin nan mai ƙyalli in haske ya dalle shi) a baya. Wannan kowa ya sani. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kowace feda ma sai da ƴar danja mai launin ruwan goro, gaba da baya, in dai an ƙera keken bayan 1 ga Oktoban 1985.

To, ni feda mai kama takalmi nake hawa da ita, irin SPD ɗin da kamfanin Shimano ya fitar a 1990. Ɗan dunƙulen ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, kana ɗora ƙafa ka ji ƙas, takalmi ya rufe shi ruf. Ina za a manna danja a nan? Na sa ɗamara mai ƙyalli a idon sawu, dugadugan takalmina ma suna walƙiya, amma a idon doka duk ba su maye gurbin ta feda ba.

Manufar dokar daidai ce. Direba ya hango ɗigon haske yana sama yana ƙasa, nan take ya san mai keke ne. Sai dai idon sawu ma haka yake motsi, kuma ya fi fitowa fili. A 2005 an gyara dokar nan aka halatta fitila mai ƙyaftawa. Me ya hana a yi wa feda irin wannan gyara?

Kafin nan, ƴan'uwa, a yi hattara. Ba kasafai ɗan sanda ke tsayar da mutum kan feda ba, amma in mota ta buge ka, Allah Ya kiyaye, lauyan inshora zai iya kafa hujja da rashinta don a rage maka diyya. Akwai feda mai fuska biyu da ake ɗaura wa danja, akwai kuma farantin roba mai danja da ake maƙalawa a gefe ɗaya. Shi na sa wa nawa. A tambayi mai gyaran keke tun kafin hunturu, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma.

Naka,
Mai karatu daga Manchesta