Sanarwa kan gishiri da tattakin Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Da fatan an tashi lafiya.

Tunda hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a gidajenmu, ga abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa. Kada babba ya sha gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A nan ne muke tafka kuskure, domin dunƙulen magi ma gishiri ne. A jefa huɗu a miyar kuka, a barbaɗa gishiri, sannan a kawo yaji mai magi a gefe! Iyayenmu mata, don Allah a rage hannu, a ƙara daddawa. Zogale, alayyahu da rama kuwa ga su nan a Kasuwar Bacci.

Motsa jiki kuma, babba na bukatar aƙalla minti 150 a mako, yara minti 60 kullum. Saboda haka ranar Asabar bayan sallar Asuba za mu haɗu a Dandalin Murtala, tafiya ce da ɗan sauri ta rabin awa. A zo da ruwa, ban da lemon kwalba. Mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likitansa.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Juma'a.