Ummi, ki hau ƙubbar nan ki dubo mini bulon

Assalamu alaikum, Ummina.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Hotunan da kika turo sun iso, Mamanki har gidajen maƙwabta ta zagaya da waya tana nuna musu ƙubbar nan mai jan rufi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yar maganar da kika rubuta a ƙasansu, wai tun da kika sauka birnin Fulorans na Italiya kike jin ba ki san komai ba, har kina tunanin ko karatun zanen gine-gine ya fi ƙarfinki. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, don waya ba ta barin mutum ya gama zance.

Shekara talatin ina koyar da tarihin garin nan a bakin allo ban taɓa taka shi ba, ke ga shi Allah ya kai ki. To, ƙubbar da ta razana ki, masu garin ma ta razana su. Tun 1296 suka aza harsashin babbar cocin garin da ƙubbar take kanta, gini ya tashi, aka bar wawakeken rami a sama mai faɗin kusan mita 45, an rasa yadda za a rufe shi. A zamanin, in za a ɗaura baka sai an kafa katako daga ƙasa ya tallafe aikin har ya kama, kamar yadda marigayi kakanki yake tokare azara kafin ya ɗora ƙasa a soro. Amma wane daji za a sare a samu katakon da zai tallafe wannan?

Wanda ya warware matsalar, Filippo Brunelleschi, asalinsa maƙerin zinariya ne. A 1401 ya shiga gasar ƙera ƙofar tagulla, aikin ya faɗa hannun Lorenzo Ghiberti. Bai zauna cizon yatsa ba. Ya tafi birnin Rum ya shiga kangayen mutanen da, yana aunawa, yana zanawa, yana neman gane yadda suka yi. Wannan komawa ga aikin magabata don a fahimce shi a ɗora a kansa, ita ce zuciyar abin da suke kira zamanin farfaɗowa. Daga 1420 zuwa 1436 ya rufe ramin ba tare da ya tokare shi daga ƙasa ba, da jan bulo sama da miliyan 4. Ƙubba biyu ya yi, wata cikin wata. Yana jera bulo a kwance, sai ya tsayar da wasu a tsaye jefi-jefi, tsarin ya fito kamar ƙayar kifi, na tsayen su riƙe na kwancen kada su zame kafin kwaɓin ya bushe. Har injin ɗaga kaya ya ƙera wanda shanu ke juyawa, da dabarar da za a sauke kaya ko a ɗaga ba sai an juya shanun baya ba. Shekara goma sha shida, Ummi. Ke wata nawa kika yi?

Iya gini bai dame ni a kanki ba, za ki iya da yardar Allah. Abin da ke hana ni barci shi ne, mai zana gini kullum da kuɗin wani yake aiki, kuma babu garin da zai koya miki wannan kamar inda kike. Ƙubbar, ƙungiyar 'yan kasuwar ulu ce ta kula da aikinta a madadin gari. Amma yawancin abin da za ki gani na ƙawa, kuɗin gidan Medici ne, masu bankin da aka kafa a 1397. Addininsu ya haramta cin kuɗin ruwa kamar namu, kuma Cosimo de' Medici, babban gidan, ya san da wannan. Ya zuba dukiya ya sake gina gidan ibadar San Marco, ya cika shi da littattafai. Alheri ne, ban musa ba, amma da irin wannan kyauta ya riƙe garin a tafin hannunsa ba tare da ya ɗaura rawanin sarauta ba.

Ranar 26 ga Afrilu 1478, a ƙarƙashin ƙubbar nan da kika ɗauka hoto, ana tsakiyar ibada, 'yan gidan Pazzi, abokan hamayyar Medici, da mutanensu suka daba wa Giuliano jikan Cosimo wuƙa har ya mutu, yayansa Lorenzo ya tsira da rauni a wuya. Daga San Marco ɗin da kuɗin Medici ya gina kuma aka samu mai wa'azi Savonarola, wanda ya tsaya yana la'antar almubazzarancin manya. A 1497 yaransa suka bi gida-gida suka tattaro madubai, kayan kwalliya, hotuna da littattafai, aka cinna musu wuta a dandalin gari. Ranar 23 ga Mayu 1498, a dandalin nan dai, aka rataye shi aka ƙone gawarsa. Akwai wata alama zagayayyiya a daɓen wurin, ki neme ta. Gaskiya ya faɗa a kan zaluncin masu kuɗi, amma da mulki ya shigo hannunsa sai ya nemi ya gyara zukata da wuta, ni kuwa ban yarda da wannan ba ko daga bakin wa ya fito.

Ɗan Lorenzo ne ya zama Fafaroma Leo na 10 a 1513. Don a samu kuɗin ginin babbar cocin Rum, aka baza takardun sassauta azabar zunubi ana sayarwa, har Martin Luther ya fito a Jamus a 1517 da hujjoji 95 yana ƙalubalantar abin. Injin buga littafi ya yaɗa maganarsa, coci ta dare biyu, Turai ta daɗe tana zubar da jini. Wannan Fafaroman ne aka kai wa Hasan al-Wazzan, malamin Fas ta Maroko da 'yan fashin teku suka kama a 1518. Littafin da ya rubuta a Italiya, aka buga a Benis a 1550, akwai Kano da Katsina da Gobir da Agadas a ciki. Ba baƙon suna kika kai musu ba.

Kin tuna makarantar da na yi aiki ta ƙarshe? An ba wani ɗan kwangila ginin azuzuwa, ya tauye siminti, wanda ya kamata ya duba aikin ya sa hannu don an cika masa aljihu. Damina biyu bango ya tsage, hannuna yana shiga cikin tsagar. Muka fitar da yara gindin darbejiya. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don sa hannun nan, nan gaba irin naki ne. Duk wanda ya kawo miki aiki, ki san inda kuɗinsa ya fito da abin da yake nema da ginin, kuma kada ki sa hannu a kan abin da ba za ki kwantar da ƙannenki a ƙarƙashinsa ba.

In kin shiga cocinsu ki shiga da ladabi, wurin ibadar mutane ne. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki rufe jikinki da kyau in sanyi ya shigo.

Sai roƙona. Matakala 463 ce zuwa saman ƙubbar, kuma hanyar tana bi ta tsakanin ƙubba ta ciki da ta waje. In kin kai inda bulon ya fito fili, ki tsaya ki ƙirga na kwance nawa ne tsakanin na tsaye da na tsaye, ki zana mini da hannunki a takarda, ba da waya ba. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mana ke.

Mahaifinki.