Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum. Shugaba, malamanmu, 'yan uwa membobi, ga abin da ya gudana a shekarar nan.

An yi tarurrukan wata-wata in ban da na watan azumi. Masu zuwa dai su ne masu zuwa.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne bitar tantance ƙwayoyin halittar da muke reno a ɗakunan gwaje-gwajenmu. Kowa ya san yadda kwalba ke zuwa hannunmu a Sakkwato: wani ya roƙo daga wani, shi ma can kyauta aka ba shi, an rubuta sunan layin, wato irin ƙwayoyin da ke ciki, Vero ko BHK-21 ko MDCK, da maka a gefe, rubutun ma ya fara gogewa. Da wannan rubutun kaɗai ake gina digiri sukutum.

Malamar da ta buɗe bitar ta fara da HeLa, ƙwayoyin da aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a Baltimore ta Amurka a 1951. Saboda saurin yaɗuwarsu, a 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa layuka da dama da ake kira da wasu sunaye HeLa ce ta mamaye su. HEp-2 da KB, waɗanda wasunmu ke ambata a rubuce-rubucensu har gobe, suna cikin jerin. Sai ta dawo kan dabbobi, inda aikin yawancinmu yake. RGC-5 an yi shekaru ana wallafa bincike da shi a matsayin ƙwayoyin idon babban ɓera, daga baya gwaji ya nuna na ƙaramin ɓera ne. Jinsin dabbar ma kenan ba a dace ba, balle sauran.

Ta raba gwajin gida biyu. Na farko ya amsa tambayar wace dabba ce, ta hanyar duba sashen CO1 na DNA ɗin da ke cikin maitokondiriya, ɓangaren ƙwayar halitta mai samar da kuzari, dabarar da Paul Hebert na Kanada ya fito da ita a 2003. Na biyu, wato STR, shi ke gaya maka wane layi ne takamaimai a cikin jinsi ɗaya. Ta ja kunnenmu cewa kayan STR na ɗan Adam ba sa aiki a kan ɓera, shi ɓera nasa alamomin daban ne, kuma ko da su aikin yana da wuya domin ɓerayen gwaji 'yan gida ɗaya ne, auren zumunci ya sa sun yi kama da juna ƙwarai.

Bayan azahar aka shiga aiki da hannu. Kowa ya ciro DNA daga kwalbarsa, aka yi PCR, wato ninka wani sashen DNA, da firaimomi, gajerun guntayen DNA da ke bambanta jinsi, aka zuba a jel. Da aka kashe fitila aka kunna hasken UV, kowace kwalba ta ba da zane ɗaya a inda ake tsammani, sai guda. An rubuta mata BHK-21, ƙodar jaririn hamsta, wata dabba mai kama da ɓera, amma ta fito da zane biyu, na biyun daidai wurin biri. An maimaita washegari da sabon samfuri, haka ta sake bayarwa. Vero, ƙwayoyin ƙodar biri, ta shiga ciki. Da aka bi diddigi, kwalbar ruwan abinci ɗaya ake ɗiba wa layukan biyu, wani lokaci ma a buɗe su tare a kan teburi guda. Ɗalibin da ke aiki da ita bai yi nisa ba, Allah ya taimake shi, kuma babu wanda ya yi masa dariya, don kowa ya san da tasa ce aka samu haka zai ji. A nan take aka amince: layi ɗaya a lokaci ɗaya, kowane layi da kwalbar abincinsa, a kuma duba suna a Cellosaurus, kundin layukan ƙwayoyi na intanet, da rajistar ICLAC ta layukan da aka gano ba su ne sunansu ya nuna ba, kafin a karɓi kyauta daga kowa. Wani daga cikin likitocin dabbobinmu ya tuna mana cewa a kan Vero ake renon ƙwayar rigakafin cutar PPR, nau'in Nigeria 75/1, wadda ake yi wa awaki da tumaki. Ashe maganar ta kai har garken jajayen awakinmu.

Yanzu ga abin da ba a yi ba, tun da na ji ana ta ƙorafi a WhatsApp.

Ba a aika samfura gwajin STR ba. Gwajin yana buƙatar na'urar da ƙungiya ba ta da ita, kayan aikinsa kuma da dala ake saye. Lissafin da muka yi a farkon shekara ya rushe kafin kuɗi su taru. Ma'ajiyar ƙwayoyin da aka tantance ita ma ta tsaya. Ruwan naitirojin yana riƙe su a digiri 196 ƙasa da sifili, amma yana ƙafewa ko ba a buɗe tulun ba, kuma wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ba sai an yi masa bayani ba. Kwamiti ya ga gara a jinkirta da a daskarar da kayan mutane sannan tulu ya bushe a hannunmu. Wanda yake ganin sakaci ne, ga littafin Ma'aji nan a buɗe. Gwajin maikofilasma kuwa, ƙwayar cutar da ke gurɓata ƙwayoyin da ake reno, ko fara shi ba a yi ba.

Duk abu ɗaya ne ya jawo: kuɗin wata. Da yawa ba su biya ko sisi ba bana, wasu tun bara. Ni da Ma'aji ba albashi ake biyanmu ba, kuma mun gaji da jin "gobe in sha Allah". Abin takaicin, waɗanda ba sa biya su ne ke kira cikin dare idan mujalla ta dawo musu da takarda tana neman shaidar tantancewa. Hukumar NIH ta Amurka, mai tallafa wa binciken lafiya, tun 2016 take neman wannan bayani daga masu neman tallafinta, mujallu da yawa ma haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwamiti ya yanke cewa sunayen waɗanda suka biya kaɗai za su shiga rukunin farko na STR. A ga Ma'aji kafin taron watan gobe, a zo da rasit.

Wassalam.
Sakatare