Kafin a sayi janareta, a fara lissafa kayan gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in ja hankalin masu shirin sayen janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wanda ya yi kuskuren zaɓen inji a gidan mai yake biyan kuɗin kuskurensa kullum.

Mutane da yawa suna dogara da lambar da aka rubuta a jikin tanki. Sau da yawa wannan lambar ƙarfin da injin zai kai na ɗan lokaci ce, ba wanda zai riƙe tsawon dare ba. A duba ƙaramin allon da ke gefensa, can ake rubuta ƙarfinsa na gaskiya. Idan da kVA, wato ma'aunin ƙarfin janareta, aka rubuta, a ninka da 0.8 a sami wat ɗin da za a dogara da shi. Inji mai 2.5kVA wat 2,000 ke nan, kuma bai kamata a ɗora masa fiye da 1,600 na tsawon sa'o'i ba, musamman a zafin Afrilu da inji ke rasa ƙarfi.

Sai a zauna da biro. Ƙwan LED yana cin kamar wat 10, fankar sama 70, talabijin kusan 100, firji 150. Gida mai ƙwai takwas, fanka uku, talabijin da firji zai tashi wat 540. A takarda ƙaramin injin nan na Tiger zai ɗauka, amma a aikace ba zai ɗauka ba, kuma nan ne galibi ake tafka asara. Duk abin da ke da motar lantarki mai juyawa a cikinsa, wato firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki da famfon rijiyar burtsatse, yana jan kusan ninki uku na wutarsa a daƙiƙun farko na tashi. Firjin wat 150 zai nemi 450 ko fiye. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana aiki da kusan wat 750, amma wajen tashi yana wuce 2,000. Idan injin bai kai ba, za a ji ya nishe, wuta ta yi ƙasa, kwamfuresar firji ta yi ta ƙoƙarin tashi tana zafi har ta ƙone. Mai irin wannan famfon ya nemi 3.5kVA, ya kuma riƙa kunna famfon da farko kafin sauran kaya. Dutsen guga da butar lantarki kuwa, kowanne ya haura wat 1,000, gara a jira wutar NEPA.

Wanda ya sayi inji da ya fi ƙarfin buƙatarsa shi ma ya yi asara. Janareta na yau da kullum yana juyi 3,000 a minti ko da ƙwai biyu kawai yake riƙe, yana ta shan mai. Mai son cajin waya, kwamfuta da fanka, ko mai yawo da inji zuwa shago da wurin taro, ya fi dacewa da ƙaramin janareta mai inbata. Yana rage gudu gwargwadon kaya, ba shi da ƙara sosai, wutarsa kuma ba ta lalata na'urori. Tsadarsa ce kawai matsala.

A kasuwa a tambayi ko wayar kwayil ɗin jan ƙarfe ce ko alminiyam. Ta jan ƙarfe ta fi nauyi, ta fi jure zafi. A tabbatar yana da AVR mai daidaita wuta, kuma ana samun kayan gyaransa a garin.

Abu biyu ne ba na so a yi wasa da su. Na farko, a sa ƙwararre ya haɗa makunnin canji tsakanin wutar NEPA da ta inji. Cusa wayar janareta a soket yana tura wuta kan layin waje, tana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke. Na biyu, hayaƙi. Gubar da ke cikinsa ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci. Kada a kunna inji a ɗaki, zaure, shago ko ƙarƙashin bene saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. A ajiye shi a fili, kamar mita shida daga taga da ƙofa, bututun hayaƙinsa na kallon waje, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a ɗaure shi da sarƙa.

Sabon inji a juye masa baƙin mai bayan sa'a 20 ta farko, daga nan duk sa'a 50 zuwa 100. Lokacin hunturu a riƙa wanke matatar iska duk mako, domin ƙura na toshe ta, injin ya riƙa baƙin hayaƙi yana ƙara shan mai. Ba a zuba fetur sai an kashe shi ya huce. Idan zai daɗe a ajiye, a rufe famfon mai a bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa.

Na gode.

Naka,
Wani mai gyaran janareta, Kano.