Gidan Madaki ba kangon laka ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na ranar Lahadi ya ɓata mini rai. Wakilinku ya taka har Kafin Madaki, ya shiga Gidan Madaki, soron da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya fito bai ga komai ba sai tsohon ginin laka, har yana ba gwamnati shawarar a shafe shi da siminti don ya yi kyan gani. Haba! Wannan fa hannun da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya ne. Tun 1956, kafin ma a sami 'yancin kai, aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. Bai ko ɗaga kai ya kalli ɗaurin gugan da ke bisa kansa ba, wato lanƙwasassun ginshiƙan nan da suka haɗe a tsakiya suka riƙe rufin?

Ni ɗan magini ne. Tun ina yaro nake taka kwaɓi da ƙafa, Baba yana dunƙula tubali ɗaya bayan ɗaya, gindi da faɗi, kai da tsini, mu jera a rana har ya bushe ƙarau. Azarar giginya yake zaɓa don gara ba ta cin ta, ya ɗora wannan kan waccan har baka ya haɗe a tsakiya ba ko ƙusa ɗaya. In an gama a yi yaɓen makuba da ɓawon ɗorawa, ruwa ya sauka ya bi indararo ya wuce abinsa.

Simintin nan mun gwada shi, ba labari aka ba ni ba. Yayana ya dawo daga birni da 'yan kuɗinsa ya sa aka shafe zaurenmu, Baba yana hanawa ana cewa tsufa ne. Damina uku kacal, laima ta taru a bayansa ba hanyar fita, ya riƙa ɓallowa falle-falle yana tahowa da naman bangon. Yanzu bulo da kwano ne a wurin, in bazara ta yi ko akuya ba ta yarda ta kwanta ciki. Abin da kuke so a yi wa Gidan Madaki ke nan?

Ku koma ku nemi tsofaffin magina ku ba su makirfo, suna nan da ransu.

Sannan don Allah tallan maganin basir ɗin nan, sau huɗu cikin shirin rabin awa, ana zaune da surukai, ya isa haka.

Naku,
Mai sauraro daga Ganjuwa, Jihar Bauchi