Wasiƙa zuwa ga aminina kan tayin aikin da ya samu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na ga batun tayin da babban kamfanin nan mai yi wa wasu kamfanoni ayyukan kwamfuta ya yi maka. Barka, Allah ya sa da alheri a ciki. Ka nemi shawarata tunda na daɗe a irin wannan aiki, to ga abin da na sani.

Kamfanoni irin su Accenture da TCS da Infosys da Capgemini, babbar hajarsu lokacin ma'aikatansu ce. Banki ko kamfanin sadarwa ko wata hukuma za ta ba su kwangilar gina manhaja ko kwashe bayanai zuwa sabon tsari, su tura mutanensu, sau da yawa a biya su gwargwadon awannin da aka yi. Shi ya sa suke tara jama'a haka: ma'aikatan Accenture sun haura 700,000, TCS kuwa, wadda aka kafa a Indiya a 1968, tana da wajen 600,000. Daɗin aikin da wahalarsa duk daga nan suke fitowa.

Wajen koyon aiki, da wuya ka sami makaranta kamarsu. Bana kana kan tsarin biyan kuɗi na banki, baɗi kana kan rumbun bayanan kamfanin inshora. Galibi su za su biya maka kuɗin jarrabawar satifiket na AWS ko Azure ko SAP, wato manyan tsare-tsaren kwamfuta da kamfanoni ke aiki da su, don da satifiket ɗin suke tallata ka wajen kwastoma. Za ka koyi magana da manyan mutane da cika alkawari a kan lokaci, sunan kamfanin kuma zai buɗe maka ƙofofi nan gaba.

Amma ka shirya wa takardar awanni. Kowane mako za ka rubuta inda lokacinka ya tafi, ana kuma lissafin kashi nawa aka caji kwastoma a kai. Idan kwangila ta ƙare ba a sa ka a wata ba, ka shiga abin da muke kira zaman benci. Albashi na shiga, amma hankalinka ba a kwance yake ba, domin in zaman ya yi tsawo sai a fara yi maka kallon asara. Ka tuna a 2023 da Accenture ta sanar da rage ma'aikata 19,000, fiye da rabinsu masu aikin cikin gida ne da ba a cajin kwastoma kuɗin aikinsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba kai ke zaɓar aikinka ba. Inda aka sami gurbi nan za a kai ka, ko da tsohuwar manhaja ce da kowa ke gudu. Ga iyayen gida biyu, manajanka da kwastoma, kowa da buƙatarsa. Ranar miƙa aiki in ta matso, dare da ƙarshen mako sun zama na kamfani. Ka gama gina abu da guminka, ka miƙa, ka wuce, ba za ka ga yadda ya kasance ba. Na san halinka, kana son ka riƙe abu har ya yi kyau, wannan zai dame ka.

Duk da haka, ni dai ina ganin ka karɓa, amma ka shiga da fanni ɗaya da kake so ka ƙware a kai, ka dinga neman ayyukan da suka dace da shi da kanka. Kafin ka sa hannu, ka tambaye su wace kwangila za su sa ka, wata nawa ya rage mata, da yadda suke yi da wanda ya daɗe a benci. Ka kuma karanta sharaɗin da ya shafi komawa aiki wajen kwastomansu in ka bar su.

Ka turo mini takardar in duba maka kafin ka ba su amsa. A gaida mini madam da yara.

Naka,
amininka