Takardar Koke Kan Cin Zarafin Ma'aikatan Asibiti a Ƙasar Daura

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar.

Allah ya ja zamanin Sarki. Mu ma'aikatan jinya da ungozomomi da jami'an lafiya na asibitoci da ɗakunan shan magani ne muka kawo kukanmu kan zagi da mari da ake yi mana a bakin aiki.

Ranka ya daɗe, yawanci majinyaci, wato ɗan uwan da ke zaman jinya, shi ne ke kai hannu, ba mara lafiya ba. Abin ya fi ƙamari daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara. Ba bin layi kawai muke yi ba, duba tsananin ciwo muke yi: yaro mai jijjiga ko mai naƙuda da jini ya ɓalle mata sai sun wuce wanda ya zo tun asuba. Uban da ba a yi wa wannan bayani ba sai ya ɗauka sanayya ce. Haka rigima ke tashi in an ce a nemo jini, ko an sanar da rasuwa a bainar jama'a.

Akwai kuma wanda ciwon ne ke sa shi faɗa: sukarin jini ya faɗi, ya bugu a kai, zazzaɓi ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko fitsari ya tsaya masa. Irin wannan magani yake bukata. Mukan ja baya inda hannunsa ba zai kai ba, ƙofa na bayanmu, a ɗauke almakashi da ƙarfen rataye ruwa, mutum ɗaya ya yi masa magana a hankali, a gwada sukari, in ya gaza 70 mg/dL a ɗaga sukarin nan take. Dangi su yi masa rumfa ko su danne shi ƙara ruɗa shi suke yi.

Muna roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su sanar cewa majinyaci ɗaya ne ga kowane gado, limamai kuma su bayyana dalilin fara duba mai tsananin ciwo a huɗubar Juma'a kafin damina. A sa mana baki wajen hukuma a samar da mai gadi a ɗakin gaggawa da na haihuwa cikin dare, da fitila mai aiki da hasken rana, da ƙaramin ɗaki da babban ma'aikaci zai zaunar da dangi ya faɗa musu rasuwa.

Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne mai hankalinsa ya mari ungozoma, washegari manya su zo su ce a yi haƙuri, magana ta mutu. Muna roƙon a rubuta kowane irin wannan a littafi, mai unguwa ya gani, na duka kuwa a miƙa wa 'yan sanda kafin a zauna sulhu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Mu ne,
Ma'aikatan lafiya na ƙasar Daura.